Mahaifiyar abokiyar aikina Kirista ta rasu: yaya zan je, me zan ce?

Tambaya: Ni malamar lakwal ce a unguwar Zariya, nan Maraɗi, kuma Musulma ce. Mahaifiyar abokiyar aikina ta rasu ranar Talata. Su Kirista ne, an ce sai Asabar za a yi biso. Shekara 9 muna aiki tare, kuma lokacin da na yi rashin mahaifina kwana uku ta yi a gidanmu. Ina son in je, amma ban taɓa shiga majami'a ba. Me zan sa, me zan ce, me zan kai, me kuma ya kamata in kauce masa? Kuma don me ake jinkirta gawa haka?

Amsa: Malama, sannunki da haƙuri, don abin da ya taɓa hanci idanu ke ruwa. Kafin komai ina ce miki ki je. Wadda ta kwana uku a gidanku ranar da kuke kuka bashi ta ɗora miki, irin bashin nan kuwa da ƙafa ake biyan shi. Ni dattijon ikkilisiya ne, na fi shekara 30 cikin masu tsayawa kan shirin jana'iza a majami'armu, kuma rabin danginmu Musulmi ne, har da ƙanena da muka fito ciki ɗaya. Na sha ganin baƙo ya iso bakin ƙofa ya tsaya yana shakka, na kuma san abin da ke riƙe shi. Yawancin abin da za ki tarar kin riga kin san shi, balle idan Bahaushiya ce ta rasu, Hausawa ne kuma ke makoki. Inda muka bambanta ba shi da yawa, nan zan fi daɗewa.

Ki fara da bincikar wace majami'a marigayiyar take zuwa. Kirista a Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, amma ba tsari ɗaya suke bi ba. Akwai mu, Hausawan ƙasar nan da iyayenmu ko kakanninmu suka karɓi addinin ta hannun mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission, ƙungiyar masu yaɗa addinin Kirista), wanda ya fara aiki a Damagaram a 1924, ya zo Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, daga baya ya buɗe asibitin Galmi a 1950 da na masu cutar kuturta a Danja. Daga wannan tushen aka samu ikkilisiyar EERN, wato Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, da sauran majami'un da ake kira masu bishara. Akwai Katolika, waɗanda Maraɗi ta zama mazaunin bishop ɗinsu a 2001. Akwai kuma baƙin da kasuwa ko aiki ya kawo daga Benin da Togo da kudancin Najeriya, kowa da al'adar garinsu. Jana'izar tsohuwa daga ƙauyen Tsibiri da ta ɗan kasuwa Ibo sunansu ɗaya, amma idan kika halarci biyun za ki ce addini biyu ne. Ta farkon kusan kamar ta gidanku take. Ta biyun tana iya zuwa da anko, da takardar tsari mai hoton mamaci, wani lokaci ma ba a nan za a rufe shi ba, mota za ta ɗauke shi ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa garinsu.

Maganar jinkiri ita ce ta fi damun 'yan'uwanmu Musulmi, kuma na gane dalili, don a wurinku gaggauta suturar mamaci girmama shi ne. Addininmu bai ajiye adadin kwana ba. Bai ce a jinkirta ba, bai ce a gaggauta ba. A Linjilar da muke karantawa, Yesu kansa a ranar da ya mutu aka naɗe shi da likkafani aka sa shi a kabari kafin faɗuwar rana. A ƙauyukanmu har yau idan mutum ya cika da dare, kafin azahar an rufe shi, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. A gari ne, inda ake da ɗakin ajiye gawa a asibiti, ake jira. Abin da ake jira kuwa mutane ne: ɗa yana Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, ɗiya tana aure a Kano ko Jos, ƙane yana aiki a Agadas. Mu 'yan kaɗan ne, a warwatse muke, kuma muna ɗaukar haɗuwar ɗiya a kan kabarin uwarsu da nauyi. Ga kafinta da zai haɗa akwati, ga haƙar kushewa. Asabar kuma ranar da ma'aikata ke da sarari ce. Kwana huɗu irin na gidan abokiyarki ba komai ba ne. A ra'ayina dai, idan abin ya kai mako biyu ko uku ana tara kuɗin shagali, an bar addini an koma nuna isa, kuma ina faɗa wa mutanenmu haka. Amma ke baƙuwa, kada bakinki ya furta "har yanzu ba a rufe ta ba?" Ko da tausayi kika faɗa, kunnen mai makoki zargi zai ji.

Kada ki jira Asabar. Ki je gida yau ko gobe, don can ne ainihin gaisuwar take. Za ki tarar da abin da kika saba: maza a ƙofar gida ƙarƙashin rumfa ko tanti, mata a ciki kan tabarmi. Ki yi sallama yadda kika saba, za a amsa miki. Ki cire takalmi a bakin tabarma, ki durƙusa ki gaida manya, sannan ki nemi abokiyarki. "Sannunku da haƙuri." "Ya muka ji da haƙuri?" "Allah shi ba ku dangana." "Allah shi albarkaci bayanta." Duk waɗannan namu ne mu ma, da su muke gaida juna. Za ki ji 'yan majami'a suna cewa "Allah shi ta'azantar da ku", ko su ce marigayiyar "ta yi barci cikin Ubangiji" ko "ta tafi gida". Ba sai kin kwaikwayi waɗannan ba, naki ya isa.

Akwai wani ƙulli da na san yana zuciyarki ko da ba ki rubuta shi ba. Malamai da yawa suna hana Musulmi roƙa wa wanda ya mutu a kan wani addini gafara da rahama, sai mutum ya rasa yadda zai yi ta'aziyya ba tare da "Allah shi jiƙan ta" ba. Ki kwantar da hankalinki. Mu masu bishara ba ma yi wa matattu addu'a ko kaɗan. Bangaskiyarmu ita ce al'amarin mutum yana rufewa ranar da ya cika, saboda haka duk addu'ar da za ki ji a gidan ta masu rai ce: Allah ya ƙarfafa su, ya riƙe marayu, ya haɗa kan gida. Idan kika tsaya kan yi wa rayayyu fatan haƙuri, kin yi daidai abin da fasto ke yi, ba wanda zai lura da wani giɓi. Katolika su suna yi wa matattu addu'a, amma ba sa jiran baƙo ya yi. Idan kuma kalmar ta suɓuce miki don sabo, ba wanda zai ji haushi, za a ce amin. Abin da kawai zan ce ki bari shi ne ɗaga hannu ki ce a yi fatiha kamar yadda ake yi a zaman makokinku. Ba laifi ake ɗaukar shi ba, amma yana sa mutanen gida cikin ruɗu, wasu su ɗaga hannu wasu su sunkuyar da kai. A gidajen da dangi suka gauraya za ki ga baffanni sun ware tabarmarsu a waje suna yin tasu addu'ar da masu zuwa gaishe su, ba mai hana su.

Abin da ke ƙona zuciya shi ne maganar makomar mamaci. Ranar da muka rufe mahaifiyata, wani da muka yi ƙuruciya tare ya riƙe hannuna ya ce, "Kaico, mace mai kirki, da ma ta musulunta." Na san da ƙauna ya faɗa. Yau shekara 20 ke nan, kalmar ba ta bar kunnena ba. Kuma don in yi adalci, mu ma muna da irin wannan laifin. Na taɓa zama a wata jana'iza inda mai wa'azi ya ga rumfa cike da maƙwabta Musulmi, sai ya bar ta'aziyya ya juya kansu da gugar zana. Bayan an tashi mu dattawa muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna ba da haƙuri. Wa'azi dai za a yi, kuma za a ambaci Yesu da tashin matattu, don wannan shi ne begenmu, ba za mu ɓoye shi ba. Amma wanda ya taka ƙafa ya zo taya ka kuka ba abin jifa ba ne. Idan kika ci karo da irin wannan, ki sani ba da yawun abokiyarki aka yi ba.

Hukuncin shiga majami'a ko raka gawa ba nawa ba ne in ba ki, malaminku za ki tambaya, kuma na san malaman sun saɓa a kai. Abin da ƙanena yake yawan kawowa shi ne hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa an wuce da gawa a gaban Annabi Muhammadu sai ya miƙe tsaye, aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ce? Cikin danginmu akwai mai shiga har ciki ya zauna, akwai mai tsayawa a rumfar waje, akwai wanda iyakarsa gida. Dukansu mun ɗauka sun zo. Ki zaɓi inda zuciyarki ta natsu, ki faɗa wa abokiyarki a fili, za ta gane.

Gudummawa kamar ta ko'ina ce. Kuɗi sun fi amfani, don akwati da ajiyar gawa da mota da ciyar da baƙi duk a wuyan gida suke. Jika ɗaya, jika biyu, ko dala ɗari, gwargwadon ƙarfinki. Ki damƙa wa abokiyarki a hannu cikin sirri, ko ki ba wanda ke riƙe da littafin rubuta sunaye idan akwai. Idan malaman lakwal ɗinku za su haɗa su je tare, ya fi kyau. Shinkafa, sukari, itace, ruwan sanyi, ko kwanon abinci dafaffe, duk ana murna da su. Furanni ba sai kin nema ba.

Tufafi kuwa, ki sa hijabinki ki tafi. Matanmu ma da ɗankwali da mayafi suke shiga majami'a. Ki zaɓi launi mai sanyi, ki rage gwal da kwalliya, shi ke nan. Baƙi ko fari ba dole ba ne, kuma idan dangi sun yi anko, nasu ne, ba a jiran baƙo ya saya. A majami'a ba a cire takalmi. Ga maza masu karanta wannan: al'adarmu namiji yana cire hula idan ya shiga, amma ban taɓa ganin an tilasta wa baƙo ba.

Daren Juma'a mai yiwuwa a yi kwanan zaune a gidan, kuma a nan ne za ki ga abin da zai fi ba ki mamaki. Za a yi waƙa. Zumuntar mata, wato ƙungiyar matan majami'a, za su zo da ganga da tulu da caki, a rera waƙoƙin da tsohuwar take so, wasu har su taka. Wanda bai sani ba sai ya ce mutanen nan ba su ji mutuwar ba. Ki matsa kusa ki dubi fuskokinsu, za ki ga hawaye na zuba bakin kuma na waƙa. Manzo Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa cewa kada su yi baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege. Bai hana baƙin ciki ba, Yesu ma ya yi hawaye a kabarin abokinsa Li'azaru. Waƙar ita ce hanyar da muke tuna wa junanmu abin da muka gaskata a daidai lokacin da zuciya ta fi rauni, kamar yadda kuke maimaita kalmar komawa ga Allah. Idan tsohuwa ce da ta ga jikoki, za a fi sakin murya da godiya. Idan yaro ne ko mai jego, za ki ji waƙar ta yi ƙasa sosai. Ba a jiran ki rera ko ki tafa. Ki zauna kusa da abokiyarki, kuma ba sai kin kwana ba, awa ɗaya ko biyu ya wadatar.

Ranar Asabar ki isa da wuri, ki samu wuri wajen baya ko gefen mata, don layukan gaba na iyali ne. Za ki ji ana cewa za a fara "sujada". Kada kalmar ta firgita ki: a bakin Kirista Bahaushe sunan taron ibada ne gaba ɗaya, ba sa goshi a ƙasa ba. Idan an shigo da akwati kowa zai miƙe, ke ma ki miƙe, wannan girmama gawa ne. Daga nan waƙa, addu'a, karatu daga Littafi Mai Tsarki, galibi Zabura 23 ko Yohanna sura 11 ko 14, sai tarihin marigayiya daga bakin ɗaya cikin ɗiyanta, sai wa'azi. Da Hausa za a yi, ko da Faransanci da tafinta, kuma yakan ɗauki kamar awa biyu. Lokacin addu'a za a rufe ido a sunkuya, ke ki yi shiru kawai. A wasu wuraren ana buɗe akwati a zagaya a ga fuskar mamaci karo na ƙarshe. An yi mata wanka an suturta ta, fuska kaɗai ake gani, amma idan ba ki so ki zauna abinki, mutanenmu da yawa ma ba sa tashi. Idan an zagayo da kwandon baiko, wanda masu ibada ke zuba kuɗi a ciki, miƙa shi gaba ba tare da kin sa komai ba ba abin kunya ba ne.

Idan Katolika ne, akwai ƙarin abubuwa. Fada, wato limamin Katolika, zai yayyafa wa akwati ruwa mai tsarki, ya kewaye shi da turare. Jama'a za su yi alamar gicciye, su durƙusa a wani wuri, ke ki zauna. Akwai lokacin da kowa ke miƙa wa na kusa da shi hannu don gaisuwar salama. Idan namiji ne kusa da ke, ki ɗora hannu a ƙirji ki ɗan sunkuya, ya gane. Abu ɗaya ne tak zan ce kada ki yi: idan aka yi layi zuwa gaba don karɓar ɗan farin gurasar nan daga hannun fada, kada ki bi layin. Na Katolika ne kaɗai, ni ma da nake Kirista ba na karɓa a wurinsu. Baƙi sukan bi don gudun kada a ce sun ware, alhali zama shi ne ladabin.

Ki kashe ƙarar salula. Kada ki ɗauki hoton gawa, kada kuma ki sa komai a WhatsApp ko Facebook sai da yardar gida, ko da kin ga wasu na yi. Idan lokacin salla ya yi, ki fita ki yi sallarki. A gidan makoki ki tambayi buta da tabarma kai tsaye, kusan kowane gidan Kirista a garin nan yana ajiye su saboda dangi da maƙwabta.

A wurinmu mata suna zuwa maƙabarta, har su tsaya bakin kushewa. Abokiyarki za ta kasance a can, kuma a can ne ƙafa ke gaza ɗaukar mutum. Idan fahimtarki ta ba ki dama, ki je ki tsaya bayanta. Idan ba ta ba ki ba, ki koma gida ki taya masu girki, ki zama cikin waɗanda za ta fara gani idan ta dawo. Kabarin ya fi naku faɗi saboda akwati, da igiya ake saukar da shi, ba a kuma neman alƙibla. Fasto zai ɗebi ƙasa ya zuba yana tuna cewa daga ƙasa aka yi mutum, cikinta kuma zai koma, sai iyali su bi, kowa da ɗan danƙinsa. Samari su ƙarasa da shebur ana waƙa, a kafa gicciye mai sunanta da shekarunta. Ki tafi da ruwan sha, ki kuma kula kada ki taka kaburbura.

Bayan an dawo za a raba abinci. A gidajen Hausawa Kirista, mahauci Musulmi ake kira ya yanka, ko a sayo naman a kasuwa, daidai saboda baƙi irinki. Giya kuwa majami'unmu na masu bishara sun hana ta. A taron wasu baƙi 'yan kudu kina iya ganin ta a gefe. Idan kina da shakka kan wani kwano, ki tambayi abokiyarki ko wata 'yar gida a hankali, ba wanda zai ɗauke shi raini. Ƙin taɓa komai gaba ɗaya, har ruwa, shi ne ke sosa rai.

Ba mu da sadakar uku ko bakwai ko arba'in a matsayin ibada, kodayake zaman karɓar gaisuwa yakan kai kwana uku zuwa mako, kuma wasu gidajen suna taruwa a waɗannan ranakun saboda dangi. Abin da aka fi yi shi ne iyali su je sujadar godiya ranar Lahadi bayan biso. Katolika sukan sa a yi wa mamaci addu'a ta musamman a majami'a, kuma kowace ranar 2 ga Nuwamba suna tunawa da matattunsu, su ziyarci maƙabarta. Matar da mijinta ya rasu ba ta da takaba ta wata huɗu da kwana goma a addinance, tana zama gwargwadon abin da ita da dangi suka ga ya dace.

Wannan rashin ranakun yana da wani gefe da ba a cika lura da shi ba. Ku arba'in tana sake tara muku mutane. Mu kuwa, da 'yan Yamai da 'yan Kano sun hau mota, gida sai ya yi tsit, kuma jama'armu ba su da yawan da za su riƙa cika shi kullum. Saboda haka ki koma bayan mako biyu, da la'asar, ke kaɗai, ki zauna ki bar ta ta yi maganar uwarta. Ranar da ta dawo lakwal kuma, ki dubi jadawalinta, ki karɓar mata aji ɗaya ko gyaran takardun yara na wannan makon.